Ratar da Ta Ƙi Rufewa

Tun hantsi mutanen Gwashi suke ɗaure kaya a kan babura, domin jami'an tsaron da za su raka su Gummi sun ce da la'asar za su tashi, ba jiran kowa. Inna kuwa ba ta iya hawa babur. Tun da ta karye a ƙugu, ko zama da ƙyar take yi. Motar marigayi mijinta ce kaɗai za ta fitar da ita, ita kuma motar jiya ta tsiyayar da man giyarta kaf.

Shi ya sa 'yarta Khairiyya take kwance a ƙarƙashin motar, baƙin mai har gwiwar hannu. Lokacin da ta tafi Gusau koyon kanikanci an sha yi mata dariya a garin nan. Yau ba mai dariya.

Ita da Kawu Lado sun sauke giyabos, wato akwatin giya. Ta zare kwanbata, wato ƙarfen nan mai kama da ƙwarya da ke miƙa ƙarfin inji ga giya, ta canza robar da ta yage a bayansa, ta mayar da shi. Ba su da jak na ɗaga nauyi, sai da katako da buhunan gero suka ɗaga giyabos ɗin. Sai ya ƙi haɗewa da inji. Rata ta rage, wadda yatsa zai shiga.

"Ɗaure noti ki jawo shi, ɗiyata," in ji Kawu Lado, wanda ya tsufa a tuƙin manyan motoci. "Haka muka saba."

"Kawu, wagga otomatik ce. In na ja, famfon mai shina hwashewa, a ina za mu samu wani?"

"To mi za ki yi? Ki lallashe shi?"

Ta san abin da ya faru. Cikin sauri ba ta bari kwanbatan ya zauna har ƙarshe ba. Dole a sake saukewa.

Daga bakin kasuwa aka ji motoci sun fara tashi.

"Ku tahi ku bar ni," in ji Inna daga tabarmarta a gindin bango. "Tsohuwa irina, mi 'yan bindiga za su yi da ni?"

"Inna, don girman Allah ki yi shiru!"

Suka janye buhunan. Katako ya goce, giyabos ɗin ya danne mata kafaɗa, ta cije leɓe ba ta yi ƙara ba. Da suka sauke shi, ta kama kwanbatan tana juyawa tana turawa, yana zamewa a hannunta. Farcenta ya tsage. Ta ci gaba da juyawa, tana kiran sunan Allah, hawaye na shiga mata kunne. Can sai ta ji ya faɗa ciki, ƙwal.

Wannan karon giyabos ya manne da inji ba gardama. Ta ɗaure notuna, ta ɗura mai, ta tada mota. Da ta sa giya, motar ta motsa.

Amma gari ya yi tsit. Ko babur ɗaya babu.

"Sun wuce," in ji Kawu Lado a hankali.

Khairiyya ta dubi hanya, ga sawun tayoyi sabo a kan jar ƙasa.

"Ba su yi nisa ba. Kama min Inna ta kahwaɗu, Kawu. A hankali."