Ƙullin Zare a Kabad ɗin Inna

Kafinta ya ɗora bakin sukurdireba a jikin kabad ɗin kicin. Bai ma danna ba, ƙarfen ya shige har mariƙi. Da ya zaro shi, wani gari ja-ja ya biyo baya, siriri, ya daɗe yana zuba kan teburin girki.

"Ka gani?" ya ce. "Fenti ne kawai ke tsaye. Gara ta cinye katakon, ta bar muku hotonsa."

Auta ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna ɗakin Inna da haɓa. Ƙofar a rufe take, rediyonta na magana ƙasa-ƙasa.

Shekara biyu ke nan Inna tana hana a taɓa mata kicin. Tun rasuwar mahaifinsu ita kaɗai take zaune a gidan. Auta direban motar kaya ne, sai ranar hutu yake leƙowa. A watan jiya wata kanta ta ɓalle ta faɗo mata a ƙauri, labari ya kai kunnen yayarsa da ke aure can nesa, ita kuwa Yaya ba ta iya magana biyu ba.

"Ko a gyara kicin ɗin nan, ko in zo da mota in ɗauke ta. In ba za ta iya zama ita kaɗai lafiya ba, to ba za ta zauna ba."

Gidan Yaya a hawa na uku yake. Inna ta taɓa kwana huɗu a can, ta dawo tana cewa an ajiye ta kamar tsohuwar akwati a saman sif, kuma ta rantse gara a fitar da gawarta daga gidan nan da a fitar da ita da rai. Saboda haka Auta ya yi mata ƙarya. Ya ce ƙarafunan murfi kawai za a canja, aikin awa ɗaya, ta je ta kwanta.

Bai yi zaton ƙaryar za ta yi sauƙi haka ba. Kabad ɗin ba su yi ƙara ba. Kafinta na sa hannu sai su biyo shi, ƙusoshi suna zamewa daga cikin katako kamar daga cikin sabulu. Kafin rana ta take, layin sama duk ya sauko. Abin da ya rage a bango shi ne shatin inda suka zauna, farare tas a cikin baƙin hayaƙin shekaru, jere kamar tagogin da aka toshe.

"Maigida," kafinta ya kira shi daga tsakar gida, inda yake jingine murafen. "Zo ka ga wani abu."

A gefen kowane murfi, ta ciki, an yi tsaga da wuƙa. Wannan ɗaya, wancan uku, na kusa da taga shida. Wasu sun yi baƙi, wasu sababbi ne, katakon cikinsu fari. Duk a wuri ɗaya suke, daidai inda babban yatsa zai faɗa, kuma wurin ya yi sumul yana ƙyalli, kamar an daɗe ana shafa shi. A ƙarƙashin kantoci an manna maɓallan riga. A kowane mariƙi akwai zare baƙi da ƙulle-ƙulle.

"Shekara talatin ina ɓalle kabad," in ji kafinta. "Na samu wasiƙar soyayya, na samu haƙoran roba, na samu mushen ɓera da iyalinsa. Wannan ban taɓa gani ba. Wa ke shigowa gidan nan?"

"Ba kowa."

"To ba kowan nan yana da wuƙa."

Auta ya koma kicin ya duba gwangwanayen da ya sauke daga cikin kabad ɗin. Sun kai ashirin, duk na madara ne iri ɗaya, takardarsu ta goge. Kowanne da zarensa a wuya. Ɗaya ma ba zare ba ne, waya ce aka murɗa da ƙarfi har ta shiga jikin gwangwanin. Ya ɗauki hoto ya tura wa Yaya, ba a yi minti biyu ba amsa ta zo a saƙon murya.

"Innalillahi! Ni dai na san canjawar Inna ba banza ba. Ta daina fita, ta daina kallon mutum a ido. Ka yanke su duka ka ƙona. Kada ka nuna mata, hankalinta zai tashi."

Ya ari filayar kafinta. Ɗaya bayan ɗaya ya yanke, har da wayar, ya zuba gwangwanayen cikin kwali. Zaren ya ƙone a bayan gida nan da nan, da ɗan wari kamar na gashi.

Wajen la'asar rediyo ya yi shiru. Ƙofar ɗaki ta buɗe, Inna ta fito da kofin shayinta a hannu, ɗankwalinta a ɗaure tsaf. Auta ya miƙe, ya shirya karɓar faɗa. Ta wuce shi.

"Sannu da aiki, kafinta," ta ce, tana fuskantar wurin taga.

Kafinta yana bakin ƙofa, a bayanta.

Ta yi taku huɗu ta tsaya gaban bangon da ba komai a jikinsa. Rana na shigowa ta taga, ta haske shi fes. Inna ta ɗaga hannun hagu, ta kama iska, ta jawo ta. Ta kauda kai gefe don kada kusurwar murfi ta buge ta. Babban yatsanta ya motsa, yana neman wani abu. Sannan ta miƙa kofin sama, ta saki.

Ƙarar fashewarsa ita ce ƙara ta farko da aka ji a kicin ɗin tun safe.

Kafinta na karanta wani abu a ƙarƙashin numfashi. Hannun Inna na nan a sama. A hankali ta tura shi gaba har tafin ya taɓa bango, ta shafa dama, ta shafa hagu.

Auta ya matso. Ya ɗaga hannu ya wuce da shi ta gaban fuskarta. Idanunta a buɗe suke, masu kyau, kamar kullum. Ba su bi shi ba.

"Sauke hannunka," ta ce. "Ina jin iskarsa."

"Inna… tun yaushe?"

"Na dama tun babanku na da rai. Na hagu bara ya ƙarasa."

"Amma ko satin jiya kin ce rigata ta yi datti."

"Ai ba sai da ido ba, Auta. Tun daga ƙofar gida."

Kafinta ya yi wata 'yar dariya, ya haɗiye ta.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ka san me ya sa." Ta sauke hannu. "A ɗakin nan kaɗai nake gani. Ina gwangwanayena?"

Ya jawo mata kwalin. Ta durƙusa, ta ɗauki ɗaya, yatsanta ya zagaye wuyansa. Ta ajiye, ta ɗauki wani. Ta ɗauki na uku. Ba ta ɗauki na huɗu ba.

"Ƙulli ɗaya gishiri," ta ce, kamar mai yi wa kanta bita. "Biyu sukari. Uku garin wanki. Wata takwas na yi ina ɗaurawa, tun ina ɗan hangen inuwa, don na san ranar na zuwa. Mai waya kuma maganin ɓera ne. Shi na ɗaure da ƙarfe, don ko zare ya tsinke kada in yi kuskure."

Auta ya leƙa cikin kwalin. Murafe ashirin iri ɗaya suna kallonsa. Rabinsu farin gari ne a ciki.

Kafinta ya gyara murya. Ya zaro wata lanƙwasasshiyar takarda daga aljihu.

"Mama, awon kowanne na nan, kafin in ɓalle na rubuta. In kina so zan mayar da su yadda suke, ko faɗin farce ba zai goce ba. Tsagar ma ni zan yi, ki faɗa min adadi kawai. Kwana biyar."

Inna ba ta kai ga amsawa ba wayar Auta ta ɗauki ƙara. Kiran bidiyo ne, daga Yaya.

Hannun Inna ya samu wuyan hannunsa ba tare da lalube ba. Sanyi ƙalau.

"In ta sani, ba zan ƙara kwana bakwai a gidan nan ba."

Wayar na ta ƙara. Ya dubi murhun gas, da ashanar da ke gefensa, da fasassun kofi kusa da ƙafarta marar takalmi. Ya tuna kwana shida yake yi a kan hanya kowane mako. Ba sai ya ce komai ba ma. Ya isa ya riƙe wayar ya yi shiru, Yaya za ta gani da kanta.

Ya ture kwalin da ƙafa zuwa bayan ƙofa, ya amsa.

"Auta, ka ƙona abin nan?" Fuskar Yaya ta cika wayar, hayaniyar shago a bayanta. "Au, Inna, kina nan! An kama ki yau, tsohuwa mai rigima. To tunda an ɓalle an ɓalle. Ina shagon masu fenti, ga kala biyu." Ta ɗaga katuna biyu, ɗaya ruwan toka, ɗaya ruwan ƙasa. "Wanne kike so, na damanki ko na hagunki?"

Yatsun Inna suka ƙara matse shi. Auta ya zame hannunsa daga riƙon, ya kai shi ƙasa inda kyamara ba ta kaiwa, ya taɓa gwiwar hannunta na hagu sau ɗaya.

"Na hagu," in ji Inna.

"Ruwan ƙasa kuma? Kai, Inna, ba kya canjawa!"

Inna ta yi murmushi, fuskarta na kallon bango, taƙi ɗaya daga inda wayar take. Auta ya matsar da wayar a hankali, har ta zo daidai da idanunta.