Ruwan da Atine Ta Zuba a Kwalba

Sau uku Elnour ya zo ƙofar gidan Hajja Atine, duk ranar Litinin da hantsi. Yakan jingine babur ɗinsa a gindin darbejiya, ya buɗe akwatin ƙanƙarar da ke ɗaure a baya, ya ciro kwalba mai shuɗin murfi, sannan ya yi sallama. Bai taɓa wuce zaure ba. Tun da maigidan ya rasu gidan ya koma na mata, ɗansa kuma yana gonakin Gadambaliya sai an gama yankan riɗi. Rijiyar tana can ƙuryar gida, bayan madafa, daf da inda mata ke wanka.

"Ruwan rijiya, ya Hajja," in ji shi. "Na bincike ne. Diktora Ilham ke auna rijiyoyin unguwa."

Jumai, matar ɗan Atine, ita ta karɓi kwalbar ranar farko. Ta ɗauki guga ke nan surukarta ta kira ta.

"Ina za ki da ita?"

"Rijiya, Inna. Ya ce na rijiya."

"To na tulun nan daga sama ya zubo? Shi ma na rijiyar ne. Kawo."

Tun bara Atine ba ta yarda da ɗanyen ruwan rijiyarta ba. A bayan katangarta wani ɗan kasuwa ya tayar da bene hawa uku, aka yi masa sayifon, wato rami mai zurfi da ake haƙawa har sai an taɓo ruwan ƙasa, duk ƙazantar bandakin gidan ta riƙa gangarawa ciki. Da damina ta sauka, ruwan rijiya ya soma wani ɗan bashi da sai mai gida ke iya ji. Ba ta faɗa wa kowa ba. Sai ta riƙa jefa alam ya kwanta, ta tafasa, ta juye a tulun da ta turara da hayaƙin mistika, wani ƙaro mai ƙamshi. Shi gidan ke sha, shi ake ba baƙo.

Shekara talatin ta yi tana gyara wa mijinta tafin riɗin da zai kai kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya nuna wa masu saye. Ta sheƙe, ta tsince tsakuwa ɗaya ɗaya, ta ƙulle a farin ƙyalle. Kowa haka yake yi, masu sayen ma sun sani. Abin da zai fita daga gida ya je gaban masu dubawa ba a aika shi yadda yake. Saboda haka ta ɗauraye kwalbar da ruwan zafi, ta cika ta daga tulu, Jumai ta kai zaure. Haka aka yi Litinin uku.

Ranar Alhamis da la'asar Yunusu ya shigo. Ƙanin mijinta ne, kuma shi ne shugaban lajna, wato kwamitin unguwa. Tun daga zaure ake jin muryarsa.

"Ina matar tawa? Fito, yau kin fitar da ni kunya."

"Matarka tana nan inda ka yar da ita, tana jiran zanen sallar bara."

"Zane? Ai yanzu kin fi ƙarfin zane." Ya zauna a bakin gadon angarib, ya miƙo mata wayarsa. "Duba."

Hoton taswirar unguwa ce, cike da jajayen ɗigo. Ta nisanta wayar da idonta kafin ta ga wani guda kore, shi kaɗai a tsakiya.

"Rijiya arba'in da ɗaya aka auna," in ji Yunusu. "Duk najasar sayifon ta shige su. Ta masallaci ma, ki ji fa. Sai taki. Sau uku ana dubawa, ko ƙwayar cuta ɗaya babu. Na ce da su, ai yayana da alwala ya haƙa ta."

Jumai tana tsugune tana gasa bunni, ƴaƴan gahawar da za ta dafa jabana. Hannunta ya tsaya a kan cokali.

"Lajna ta zauna," ya ci gaba. "An rufe sauran. Daga Asabar masu karon jaki za su riƙa ja daga nan suna kai wa mutanen makaranta. Tankar da ke zuwa musu sau ɗaya a mako ba ta isa ko'ina."

Kowa ya san mutanen makaranta. Iyali sittin ne da yaƙi ya koro daga Khartum da Madani, suke zaune a azuzuwan makarantar ƴan mata, an raba kowane aji da buhuna da zannuwa.

"A ce su tafasa dai," in ji Atine.

"Su tafasa da me? Da takardun jarrabawa? Gawayin abinci ma da ƙyar. Ai amfanin rijiyar ke nan, a ja a sha."

Ya sha jabanarsa finjali uku, ya tafi yana cewa sai an rubuta sunan yayansa a jikin murfin rijiyar.

Ranar Juma'a da safe Atine ta je rijiya da kanta. Ta zura guga, ta jawo, ta ajiye a rana. Ruwan garau yake, har tana ganin ɗinkin ƙasan gugan. Ta sunkuya ta shinshina. Warin yana nan. A bayan katanga wani ya ja ruwan bandaki a bene, ta ji ƙararsa yana gangarowa cikin bututu, ya shige ƙasa, ya yi shiru. Ta daɗe tana sauraron shirun.

"Inna." Jumai ce a bayanta, idonta a ƙasa. "Mai kwalbar nan ya bar lambar waya."

"Na sani."

"In kin yarda ni sai in…"

"Ki ce musu me? Matar Malam ta yi wa hukuma ƙarya?"

"Ba ƙarya kika yi ba."

"To me za ki faɗa?"

Jumai ta koma madafa. Atine ta gaya wa kanta cewa mai yiwuwa warin na igiya ne. Mai yiwuwa kuma na'urarsu tana gane asalin ruwa ko da an tafasa shi, ai masu ilimi ne. Ta yi ta juya wannan har yamma, ba ta taɓa wayar ba.

Asabar, rana ba ta gama fitowa ba, Ɗanlami mai karo, wato amalanken ruwa, ya tsayar da jakinsa a ƙofar baya. Dattijo ne, ya fi shekara ashirin yana raba ruwa a unguwar da gangarsa mai cin jarka goma sha biyu. Mata suka shige ɗaki, ya ja ya cika.

Atine ta leƙo ta taga. "Malam Ɗanlami, in ka kai, ka ce su ɗora a wuta."

Ya yi dariya. "Haba Hajja, kina raina kayanki. Wannan da takarda ta wanke? Ni ma yanzu na sha cikin guga."

Ya kaɗa jakin. Ta bi ƙarar ƙafar karon da kunne, ruwa yana ɓal-ɓal a cikin ganga, har ya sha kwanar masallaci.

Da hantsi aka yi sallama da muryar mace. Siririya ce, cikin farin mayafin tob da ƙura ta ci bakinsa, da jaka a kafaɗa. Ta ce ita ce Ilham. A Khartum take aikin auna ruwa kafin yaƙi, yanzu a wani ɗaki da aka ara mata take yi. Da Larabci suka gaisa, aka shimfiɗa mata a rakuba, rumfar tsakar gida, Jumai ta kawo ruwa a kofin silba.

"Na zo in ga rijiyar nan da idona, ya Hajja. Kwana uku tana hana ni sukuni."

"Lafiya dai?"

"Lafiyarta ce ta yi yawa." Ta buɗe taswira a kan tabarma, ta dafa da yatsa. "Ruwan ƙasa tafiya yake yi, kamar khor, wato rafi, sai dai a hankali. A nan unguwar daga gabas yake gangarowa. Ga sayifon ɗin benen nan. Ga rijiyar da ke gaba da ke, ja. Ga ta bayanki, ja. Ta yaya zai tsallake ki? Na ce ko akwai dutse a ƙasa da ya raba. In haka ne, abin farin ciki ne, sai mu nemi inda dutsen ya bi mu haƙa wasu."

Atine tana saurare, hannayenta a cinya.

"Ni na sa hannu a takardar," in ji Ilham, muryarta ta yi ƙasa. "Bara da kwalara ta shigo ina makarantar nan, a aji na huɗu muke kwana. Wadda ke bayan buhun da ya raba mu ta rasa ƴaƴa biyu tsakanin Talata da Laraba. Ba a ganin abin a ruwa, ya Hajja. Garau yake zuwa."

Ta ɗauki kofin ta kurɓa. Ta lumshe ido.

"Mistika. Haka kakata ke turara zir, tulun ruwanta." Ta ƙara kurɓa, sannan ta tsaya. Ta sauke kofin a hankali tana dubansa. "Kwalbar Litinin ɗin da ta wuce, da na buɗe ta…"

Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗaga ido kawai.

Tantabara tana kuka a kan katanga. Atine ta ji bututun benen ya sake gangaro da ruwa.

"Shi ne," ta ce. "Daga tulun nan na cika. Duk ukun."

"Tafasasshe?"

"Da alam, sannan wuta. Tun bara ba ma shan ɗanyensa. Na ga abu ne da za a kai gaban masu dubawa. Ban saba aikawa da abu haka nan ba."

Ilham ta dafe goshi da hannu biyu. Atine ta jira faɗa, bai zo ba.

"Laifina ne da ban tambayi Elnour wa ke ja ba," in ji ta. "Malesh, a yi haƙuri. Gara da aka sani yanzu, kafin a fara kai…"

"An fara."

"Yaushe?"

"Ganga ɗaya. Da sassafe. Ina kallo."

Ilham ta miƙe tsaye, taswirar ta naɗe kanta. Ta ce a nuna mata rijiya. Da hannunta ta ja, ta cika wata ƴar kwalba mai guntuwar takarda a ciki, ta rufe, ta miƙa wa Jumai. "Ki ajiye a inuwa. In ta yi baƙi kafin gobe war haka, najasa ce. Kar kowa ya ƙara jan ko guga ɗaya."

Atine ta riga ta yafa mayafi.

A hanya suka ci karo da Ɗanlami yana dawowa ɗaukar ta biyu, gangar tana ƙara fanko. Ilham ta tsayar da shi da ƴan kalmomi. Ya dafa cikinsa, ya dubi Atine.

A farfajiyar makaranta jarkoki goma sha biyu sun riga sun watsu cikin azuzuwa. Ilham ta bi ƙofa ƙofa tana ɗaga murya, mata suka riƙa fitowa da su, ana tuntsurarwa. Baƙar ƙasar ta shanye ruwan ta cikin tsagoginta. Tara suka fito a cike. Uku an taɓa.

Wata matashiya mai goyo ta nufo Atine. Ba ta ji abin da ake faɗa ba, tana can baya tana shanya. Ta kama kan Atine ta sumbata.

"Ke ce mai rijiyar? Allah ya saka, ya khalti. Sunana Malaz. Wata biyu ƴata ba ta sha ruwa ta ƙoshi ba sai yau."

Yarinyar tana barci a bayanta, leɓenta da danshi.

"Nawa ta sha?" in ji Atine.

"Kofi biyu. Me ya faru? Me ya sa ake zubarwa?"

Atine ce ta gaya mata, da bakinta, a gaban matan. Ba ta rage komai ba, har da kallon da ta yi ta taga. Malaz ta kwance goyon, ta rungume yarinyar a ƙirji, ta shige aji.

"Kwana biyar," in ji Ilham a hanyar dawowa. "In an wuce biyar ba wanda ya kwanta, mun tsira."

Lahadi da hantsi Jumai ta ɗauko ƴar kwalbar daga ƙarƙashin angarib. Ta yi baƙi ƙirin kamar an zuba tawada. Da azahar Yunusu ya zo da mai walda aka sa wa murfin rijiyar kwaɗo. Bai yi wasan neman matarsa ba, bai zauna shan jabana ba.

Litinin da sassafe Atine ta tafasa ruwa, ta cika tulun, ta ɗora a ka ta nufi makaranta, kamar yadda ta yi jiya. A aji na biyu, lungun Malaz, an naɗe tabarma an jingine. Takalmin yarinyar ƙafa ɗaya yana gefen buhu.

"Tun asuba suka tafi asibiti," in ji maƙwabciyarta. "Diktora ta bi su. Ta ce ba a sani ba tukuna ko ruwan ne."

Atine ta sauke tulun a inda tabarmar take. Ta tambayi wane asibiti, aka gaya mata. Ta koma gida ɗaukar zane da sabulu.

Babur yana jingine a gindin darbejiya. Elnour na tsaye a zaure, kwalba mai shuɗin murfi a hannu ɗaya, makullin kwaɗon da aka ba shi a ɗayan, yana jiran wadda za ta karɓa.

"Jumai," Atine ta kira, "ku rufe jikinku."

Ta ɗage labulen ƙofar cikin gida, ta riƙe masa.

"Shigo, ɗana. Ka bi ta bayan madafa. Gugan yana rataye."