Ranar Sakin Shanu a Gonar Wopke

"Ba zan kai ta mota ba," na ce wa Madam Terpstra.

Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Ita ce shugabata a ofishin da ke tura yara masu buƙata ta musamman gonaki, su yini cikin dabbobi ko hankalinsu ya kwanta. Ta sake faɗa mini a nitse: yau ake sakin shanu zuwa makiyaya bayan kullen hunturu, kuma ƙa'ida ita ce ko yaro ya tsaya bayan shinge tare da 'yan kallo, ko a mai da shi gida. Hiske, yarinyar da nake kula da ita, ba ta iya tsayuwa a fili, saboda haka sai mota. Ta ƙara da cewa daga yau zaman yarinyar a gonar tsoho Wopke ya ƙare, tunda hunturu guda ya wuce ba a ga wani canji ba.

Hiske shekararta tara. Sararin sama take tsoro. Da an fito da ita waje sai ta runtse ido ta sandare, sai dai a ɗauke ta cak. A nan yankinmu na Frisland kuwa, ba tudu ba dutse, duk inda ka juya sama ce. Kullum da safe a hannu nake shigo da ita daga mota zuwa rufaffen garken shanu, a nan kaɗai take buɗe ido.

Ni na gama jami'a da sakamako mai kyau, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba. Amma hunturun nan kaf a kan kifaffen bokiti na yi shi, cikin garke, gefen Hiske. Abokan aikina suna ɗaki mai ɗumi da sauran yara suna shan kofi, ni yatsuna suna tsagewa har jini. Idan na shiga bas da yamma, mutane sukan sauya kujera saboda warin da ke jikina.

"'Yar boko," in ji Wopke wata rana, yana tura wa shanu ciyawa, "digirin naki na shaƙar kashin shanu ne?"

"Baba, ai gara ni, kwas nake yi. Kai gado ka yi."

Ya yi dariya har da tari.

A zaman nan ne na lura da abin da ba ya ganuwa daga ofis. Idan shanu suka kwanta, Hiske ta zauna. Idan suka tashi, ta tashi. Burodinta da cuku ba ta taɓa shi sai sun fara tuƙa. Su ma kuma, kamar ita, tun shigowar sanyi ba su taka waje ba. Na yi wa Madam wannan bayani tun tuni, ta ce labari ne mai daɗi amma ba hujja ba ne.

Mutanen ƙauye sun riga sun cika bakin shinge, wasu da 'ya'yansu a wuya. Na ce wa Madam za mu tsaya cikin garke, a layin zuba abinci, bayan ƙarfe, inda saniya ba ta isa. Ta ce ba shawara take nema ba. Ta juya wurin Wopke ta ce ya dakata. Shi kuwa ya ce yarinyar tana inda jikokinsa ke tsayawa, kuma shanunsa sun ji ƙanshin ciyawa, ba su san ofis ba. Ya ja ƙofar garke ta buɗe.

Haske ya faɗo cikin garken. Saniyar da ke gaba ta tsaya tana hura hanci, sai ta zabura, sauran suka rufa mata baya, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashinmu. Tun ina ƙarama nake ganin wannan abu kowace shekara, amma har yau tsikar jikina takan tashi. Manyan iyaye, masu nauyin ƙaramar mota, suna tsalle kamar 'yan awaki, wutsiya sama, hantsa tana lilo. Wata ta durƙusa tana goga fuska a ciyawa. Wata tsohuwa da ta yi hunturu tana ɗingishi ta watsa ƙafafun baya sama, jama'a suka sa ihu.

Wopke ya rufe musu ƙofar makiyaya. Garke ya yi tsit.

Hiske ta dubi wuraren kwanciyarsu, ba kowa. Ta saki ƙarfen da take riƙe. Ban taɓa ta ba. Ta taka har bakin ƙofa, inda inuwa ta yanke, ta tsaya. Iska ta ture hular rigarta. Idonta a buɗe.

Ta fita.

Ta bi tsakar gida da ƙafarta, ƙarƙashin wannan sama da ba ta da iyaka, har ta isa shinge. Ta kalli shanun. Sai ta yi tsalle, ta watsa ƙafa ɗaya baya, ta sake yi. Ihun jama'a ya mutu, don duk ƙauyen sun san yarinyar da ake ɗauka a hannu. Wopke ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ni dai na koma na zauna a kan bokitina.

Madam Terpstra ta daɗe tana kallo kafin ta zo inda nake. Ta ce abin da ta gani ta gani, Hiske za ta ci gaba da zuwa gona. Amma ma'aikaciyar da ta ƙi umarni a kan lafiyar yaro ba za ta zauna a ƙarƙashinta ba, ko da abin ya zo da kyau. Ta tambaye ni ko zan ba da haƙuri.

"A'a, Madam. Ko gobe aka sake, haka zan ce."

Yanzu cuku nake yankawa a wani kanti a gari. Wopke yakan biyo ranar kasuwa, ya ce Hiske ce ke kai wa 'yan maruƙa ruwa a makiyaya. Ban gani da idona ba. Na rasa aikin da na yi karatu dominsa, kuma tunda ni ba ma'aikaciya ba ce, ba ni da izinin zuwa wurinta.