Zango Mai Arha a Kwarin Barewa

Fukiko ba marowaciya ba ce, amma ba ta yarda a cuce ta. Ta daɗe tana dafa wa 'yan makaranta abinci a Niigata, ta san yadda ake jan tukunya ɗaya ta ishi aji guda. Da mijinta Tsuneo Hoshiba ya ajiye aikin tuƙin bas, sai suka haɗa abin da aka sallame su da shi suka sayi mota mai ɗaki, ta hannu, da gadonta da murhunta da 'yar firji. Duk shekara kudu suke yi da ita. Bana ne Fukiko ta kafe sai tsibirin Hokkaido, can arewa, ta ce zafi ya ishe ta. Tsuneo ya yi ta kawo uzuri har uzurin ya ƙare masa, suka sa motar a jirgin ruwa suka tsallaka.

Ta san a can aka haife shi, a wani garin masu haƙar kwal da ake kira Tokibetsu. Ta san mahaifinsa ya rasu a rami, uwarsa ta riƙo hannunsa suka dawo Niigata. Iya abin da ta sani ke nan a shekara arba'in da wani abu na aure, kuma sunan garin ma ya daɗe da ɓacewa daga taswira.

Abin da ya ɓata mata rai a tafiyar shi ne kuɗin zango. A bakin wani tafki aka karɓi yen dubu shida a kwana ɗaya.

"Dubu shida, Baban Kayo! Mu kwana a motarmu, a kan gadonmu, da bargonmu. Me suka ba mu? Ciyawa?"

"Sun ba ki tafki mana."

"Su suka haƙa shi? Ga wankan nasu, sai ka jefa kwabo ruwa ya zo, ya ɗauke tun sabulu na kaina."

"Ai na ga kin fito da kumfa a kunne, na ɗauka ado ne."

"Ka yi ta dariya. Ran da fanshon ya ƙare, kai zan dafa mana."

Suka gwada kwana a tashoshin gefen hanya, inda ba a biyan komai. Can kuma ba dama ka fito da kujera, ba dama ka kunna murhu, ga manyan motoci na gurnani a kunnenka. Sai ran nan a wurin wanki Fukiko ta haɗu da wata mata 'yar Osaka, mai surutu kamar an kunna rediyo, ita ma da mota mai ɗaki suke yawo. Ita ta ba ta labarin Zangon Kwarin Barewa, can cikin duwatsu.

"Yen ɗari takwas, 'yar uwa, har da wutar lantarki. Ga gidan wanka na ruwan zafi, ki jiƙa har fatarki ta yi taushi, ba mai ce miki fito. Sai dai shiru. Mu kwana ɗaya muka yi, maigidana ya ce shirun ya yi masa yawa."

Fukiko ta dawo mota tana murna kamar ta tsinci kuɗi. Tsuneo ya ce arha ba ta ado, amma bai tambayi inda wurin yake ba, ya tada mota, ita ta riƙe na'urar nuna hanya.

Da suka rabu da bakin teku hanya ta fara hawa. Gonakin kankana suka ƙare, daji ya rufe gefe da gefe. Tsuneo, wanda ba ya tuƙi sai yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ya yi tsit. Suka wuce wata gadar jirgin ƙasa da bishiyoyi suka tsiro a kanta. A nan na'urar ta rikice, ta nuna motarsu a tsakiyar fili, babu hanya ko ɗaya. Fukiko na ta danne-danne, sai ta ji ya sa sigina ya karya hagu.

"Ya aka yi ka san nan ne?"

"Hannun dama kogi ne," in ji shi.

Ta leƙa ta taga. Ba a ganin wani kogi daga nan, sai da suka yi gaba kaɗan sannan ya bayyana.

Zangon fili ne shimfiɗaɗɗe, hawa-hawa a jikin tudu kamar matattakala, ciyawa a gyare tsaf. A cikin ciyawar akwai layukan siminti dogaye, a jere, waɗanda Fukiko ta ɗauka an yi su ne don motoci su daidaita tsayuwa. Babu kowa sai su. Wata tsohuwa mai suna Onodera ce ke kula da wurin, tana zaune a 'yar rumfa tana ɓare masara.

"Iya, da gaske ɗari takwas ne?" in ji Fukiko. "Ba wani abu da zai biyo baya?"

Tsohuwar ta yi dariya. "Duk wanda ya zo haka yake tambaya. Ƙaramar hukuma ce ke cikasa sauran. Ba kuɗinku muke so ba, 'yar nan, motsin mutane muke so. Kwarin nan in ba a ga fitila ko ɗaya a cikinsa ba, ba ya kyan gani." Ta nuna musu wuri kusa da famfo, ta ce nan ya fi sauƙin ɗiban ruwa.

Tsuneo ya ja motar har wurin, ya tsaya, amma bai kashe ta ba.

"Ban da nan," ya ce. "Nan kicin ɗin su Kamada ne."

"Su wa?"

Ya hau zuwa layi na sama, ya yi gaba ya yi baya a hankali, yana leƙen simintin ta madubi, har ya ajiye motar yadda yake so. Fukiko ta bi shi da kallo. Ta so ta yi magana, sai ta fasa, ta ce a ranta gajiya ce. Ta ɗauki tawul da sabulu ta nufi gidan wanka.

Matar Osaka ba ta yi ƙarya ba. Ruwan ja-ja ne kamar shayi, yana da santsi a jiki, da wani ɗan wari na ƙarfe. Ta nutse har wuya, ta ji ciwon gwiwarta yana saki. Ta daɗe a ciki, ita kaɗai, sai ƙarar ruwan da ke kwarara daga wani ƙaton bututu a bango.

Ta dawo rana ta yi sanyi, ta same shi zaune a bakin ƙofar mota, takalmansa a ajiye a kan layin siminti, an jera su yadda ake yi a ƙofar gida.

"Tashi ka je ka yi wanka, malam. Wannan ruwa ko dubu shida aka ce zan biya, balle a banza."

Daidai lokacin lasifikar ƙaramar hukuma ta saki kiɗan yamma daga can ƙasan kwari, irin wanda ake sakawa yara su koma gida. Duwatsu suka riƙa maido da shi. Tsuneo ya miƙe zumbur, ya juya yana kallon saman tudu, inda wani bangon siminti mai siffar baka ya leƙo daga cikin ganye. Bai zauna ba sai da kiɗan ya mutu.

"A da jiniya ce," ya ce. "In ta yi kuka, sai mu fito nan mu tsaya, mu ga masu fitowa daga aiki. Baƙi ƙirin, sai idanu. Da tafiyarsa nake gane mahaifina."

Fukiko ta dubi layukan siminti, hawa bayan hawa, ta gane harsashin gidaje ne.

"Nan ne Tokibetsu?"

"Kina tsaye a ɗakin kwananmu."

Ta matsa gefe ba tare da ta sani ba. Tsuneo ya fara magana yana kallon ƙasa. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya wuta ta tashi a can ƙarƙashin rami. Waɗanda ke kusa suka tsira, wasu aka fito da gawarsu, wasu kuma wutar ta tare musu hanya, mahaifinsa na cikinsu. Aka yi kwanaki wutar ba ta mutu ba. Sai manyan kamfani suka bi gida-gida, suna durƙusawa a ƙofa, suna roƙon iyalai su yarda a cika ramin da ruwa.

"A nan suka durƙusa, inda takalmana suke. Uwata ta tambaye su, ko kun tabbata sun mutu? Ba wanda ya ɗago kai. Daga ƙarshe ta ce to. Daga ranar ban ƙara jin ta ambaci sunansa ba."

"Amma kabarin da muke zuwa duk shekara fa?"

"Hularsa ce a ciki. Shi yana can." Ya nuna tudun da haɓa.

Fukiko ta ji jikinta ya fara ƙaiƙayi a ƙarƙashin riga. Ta tuna bututun, da launin ruwan, da warin ƙarfen. Ta saki tawul ɗin, ta gangara wurin Onodera da sauri har tana tuntuɓe.

"Iya, ruwan wankan nan daga ina yake zuwa?"

Tsohuwar ta daina ɓare masarar. Ta dubi motar da ke can sama, ta dubi Fukiko.

"Mijinki ɗan nan ne ko? Tun da na ga inda ya ajiye mota na sani. Duk shekara sai an samu ɗaya ko biyu." Ta share hannu a zani. "Daga dutsen yake fitowa, da ɗuminsa, mu dai ƙara masa wuta muke yi. Tun da aka rufe ramin bai taɓa tsayawa ba. Yayana ma yana ciki. Ni kullum a ruwan nake wanka."

Fukiko ta koma ta dafa shinkafa da miyar miso, ta gasa kifi, ba wanda ya ci na kirki. Ta ce su tattara su tafi tun da sauran haske, ko tashar gefen hanya ce su kwana.

"Ni na jawo ka nan, saboda shegen son arha. Ka yafe mini, Baban Kayo."

"Ke kika riƙe sitiyarin?" ya ce. "Tun daga gadar na gane. Da na so juyawa da na juya."

Da gari ya waye ta farka ba ya kan gado. Hazo ya cika kwarin, ko rumfar Onodera ba a gani. Tawul ɗinsa ba ya wurin da yake rataye shi. Ta zura takalmi ta bi ciyawa mai raɓa har gidan wanka, ta tsaya a jikin bangon ɓangaren maza, ƙarƙashin wata 'yar taga da tururi ke fita.

Tana jin sa. Magana yake yi, ba da muryar da ta sani ba, da wani harshe na yaran ƙauye wanda ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Yana ba da labarin bas ɗin da ya tuƙa, da hawan da ke ba shi wahala in ƙanƙara ta zuba, da 'yarsu Kayo, da yadda uwarsa ta tsufa. Yakan faɗi kaɗan ya yi shiru, kamar mai jiran amsa. A cikin shirun nan Fukiko ta ji ruwa ya motsa, irin motsin da yake yi in mutum ya gyara zama, daga can ƙarshen wurin wankan, inda ba nan muryar mijinta take ba. Ta ce wa kanta bututu ne. Ta sake ji. Ta dubi bakin ƙofa, takalmin mutum ɗaya ne kawai, nasa.

Ba ta shiga ba, ba ta kuma gudu ba. Ta tsaya riƙe da bango har ya fito, fuskarsa ta yi ja, gashinsa a jiƙe.

"Shekararsa talatin da takwas lokacin," ya ce, kamar dama tare suke hirar. "Yanzu na kusa ninka shi. Na rasa da bakin da zan ce masa Baba."

"Ka ce masa?"

"Na ce."

Sun ƙara 'yan kwanaki a wurin. Kullum da safe ya tafi wanka, ita kuma ta ɗora buta a murhu ta goge jikinta a cikin mota. Ran tafiya Onodera ta ba su masara dafaffiya, suka kunna turaren tsinke a gindin bangon simintin da ya toshe bakin ramin, suka gangara.

Tsuneo bai sake tada zancen ba, Fukiko ma ba ta gaya wa Kayo komai ba. Amma tun da suka koma Niigata wani hali ya same shi. In ya tara ruwan wanka da yamma ba ya shiga nan da nan, sai ya zauna a bakin kwamin, ya sa hannu ɗaya a ciki, ya karkata kai yana saurare. Fukiko takan rage ƙarar talabijin, ta zauna da saƙarta a cinya, ita ma ta kasa kunne, har sai ta ji ya shiga.