Sifikar da ke Ɗakin Uwaisu

"Ta lalace," in ji Mainasara. "Je ki gaya masa ta lalace."

Adawiyya ba ta tashi daga durƙuson da ta yi a bakin zaurensa ba. Da hantsin nan ta iso Daura daga gidan mijinta a Zango, bayan an aika mata cewa asibiti sun sallamo mahaifinta Uwaisu, sun ce a kai shi gida a yi ta addu'a.

"Baba, ban ce ka yafe masa ba. Karatun Malam Jafaru kawai yake son ji. An ce tun jiya shi yake ta nanatawa."

"Da bakinsa ya ce a roƙe ni?"

Ta sunkuyar da kai. "Cewa ya yi, ku gaya wa mai kiɗan can ya kunna."

"Mai kiɗan can!" Mainasara ya yi wata dariya marar daɗi. "Har ya kai gargara bai tuna sunana ba."

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, kuma tare suka tashi, tare suka sha bulala a gaban Malam Jafaru. Da Mainasara ya girma ya sayi amfilifaya mai sifika biyu, irin ta da, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Da ita yake yawon bukukuwa har garin Babban Mutum, yana sa kaset mutane na takawa. Wani azumi, kafin Malam ya rasu, ya ɗauki karatunsa a kaset. Ya huda katanga, ya zura waya, ya rataye sifika ɗaya a ɗakin Uwaisu, ɗaya a nasa. Kullum bayan asuba sai ya kunna, gidaje biyu su ji muryar malaminsu lokaci guda.

Shekarar da aka kawo Shari'a, dattawan unguwa suka zauna a masallaci kan maganar kiɗan biki da cuɗanyar maza da mata. Ana ta kewaye-kewaye, ba wanda ya kama suna, sai Uwaisu ya miƙe ya nuna Mainasara da yatsa a gaban jama'a. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa biki. Ya koma tallar batir da tocila a kan tebur, mutum mai furfura. Da ya dawo gida ranar zaman masallacin, ya kama maɓallin da ke raba sauti hagu da dama, ya murɗe shi kaf zuwa nasa ɓangaren. Ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka gidan Uwaisu ba. Tun daga nan kullum da asuba yana kunna karatun, yana ji, yana kuma jin daɗin cewa na bayan katanga ba ya ji. Mutum yana sauraron littafin Allah yana ƙullatar maƙwabci, kuma bai taɓa ganin aibin hakan ba.

Matarsa Kyauta ta ɗaga labule. "Malam, abin da ka kunna yau da asuba ne ya lalace? Ka ji tsoron Allah."

"Wa ya sa da ke?"

"Ba wanda ya sa da ni. In mutumin nan ya cika yana kira, kai za a tambaya, ba ni ba."

Ya harare ta, ya harari Adawiyya, sannan ya miƙe yana tsaki, ya ce wa Adawiyya, "Je ki tsaya kusa da shi. In kin ji, ki yi magana ta katanga. Don ke na yi, ba don shi ba."

A ransa murɗawa ɗaya ce. Ya sa kaset, muryar Malam ta fito daga sifikarsa, ya kama maɓallin. Ya ƙi motsi. Shekara da shekaru yana zaune wuri ɗaya, ya kafe. Ya sa ƙarfi, ya juya da ƙyar, wani ƙarƙar ya tashi kamar ana soya gyaɗa. Ya kai shi tsakiya.

"Ya kawo?"

"Shiru, Baba," in ji Adawiyya daga bayan katanga.

Ƙaryar da ya shara ta zama gaskiya, kuma wannan ya fi komai ɓata masa rai. Ya hana, wannan ikonsa ne. Amma a ce ya so ya bayar kayansa sun kasa, a gaban gidan Uwaisu kuwa, wannan ba zai ɗauka ba.

Ya kashe, ya kwance murfin. Yanar gizo-gizo da kashin kyankyaso. Ya hure, ya ɗiga sifirit a gindin maɓallin, ya yi ta juya shi hagu da dama har ya saki. Ya ɗaga fiyus ya duba a hasken taga, lafiyarsa lau. Ya kunna. Ƙarƙar ɗin ya tafi.

"Yanzu fa?"

"Har yanzu, Baba. Baba, numfashinsa yana sama-sama."

"Na tambaye ki numfashinsa?"

Gumi ya jiƙa masa riga. Ya cire wayar sifikarsa ya maƙala a ramin dama, inda wayar Uwaisu take. Muryar Malam ta fito tangaram. Ke nan amfilifaya ba ta da laifi. Ya ɗauko batirin tocila ya taɓa a bakin wayar da ta shige katanga. Sifika mai rai, in an yi mata haka, sai ta ce ƙwas.

"Kin ji wani ƙwas?"

"Ban ji ba."

Ya zauna a kan dugadugansa. Cutar tana can ƙetare, ko a waya ko a sifika, kuma daga nan hannunsa ba zai kai ba. Kyauta tana tsaye a ƙofa tana kallonsa.

"Kaffara dai ce," ya ce, kamar da filayar da ke hannunsa yake magana. Ya kwashi kayan aikinsa ya fita.

Matan gidan Uwaisu suka ja mayafi suna yi masa sannu da zuwa. "Ba dubiya na zo ba," in ji shi. "Aiki na zo."

Ɗakin yana warin magani da fitsari. Uwaisu da ya sani ƙato ne mai faɗin ƙirji. Wanda ke kwance a kan katifa ƙashi ne da fata, sai ciki da ya kumbura, idanu sun yi rawaya. Mainasara ya kau da kai. Sifikar tana nan a kan ƙusar da ya buga da hannunsa, an goge ta, ba ko ƙura. Ya bi wayar da yatsa, ya ja akwatin da ya tare kusurwa. Nan ya ga bakin waya biyu suna kallon juna, sun yi kore don daɗewa. Ɓera ba ya yanka haka. Cin ɓera kaca-kaca yake. Wannan reza ce.

"Wa ya yanke wannan?"

"Ni," in ji Uwaisu. Muryar kamar ana jan tsumma a ƙasa.

"Yaushe?"

"Ranar masallaci. Na san halinka. Na san murɗewa za ka yi. Na riga ka."

Mainasara ya tsaya da waya a hannu. Duk asubar da ya yi yana jin daɗin hanawa, ashe ba abin da ya hana kowa.

"To da me kake ji, munafuki?"

"Ta katanga. Kamar kukan sauro. Da ciwon nan ya toshe mini kunne, ya daina zuwa."

"Ka cire wa 'ya'yana abinci daga baki, Uwaisu."

"Gaskiya na faɗa. Ko yau a tara jama'a zan maimaita."

"A bikin uwar yarinyar nan, wa ya yi ta takawa har hularsa ta faɗi?"

"Jahilci ne." Ya yi tari mai tsawo, Adawiyya ta tallabe shi. "Haɗa ka fita, ka cika mini ɗaki da surutu."

"Da ma ba zama na zo yi ba."

Ya kankare tsatsar da wuƙa, ya feɗe robar da sauran haƙoransa, ya murɗa bakin wayoyin wuri ɗaya, ya naɗe da salatif. Ya tattara kayansa. Har ya kai ƙofa Uwaisu ya ce, "Daga farko za ka sa. Kada ka sa mini daga tsakiya."

"Kai za ka koya mini aikina?"

Bai waiwaya ba.

A ɗakinsa ya mayar da kowace waya raminta, ya dawo da kaset farko, ya danna. Ya kai maɓallin tsakiya.

"Ya kawo, Baba! Ya kawo! Amma ya ce ƙasa-ƙasa yake ji."

Amfilifaya ta tsufa, in aka ƙure ta sai muryar ta fashe. Mainasara ya dubi sifikarsa da ke cika masa kunne. Ya sake kama maɓallin, ya wuce tsakiya, ya kai shi ƙarshen dama, sannan ya ƙara sauti iyakar abin da za ta ɗauka. Ɗakinsa ya yi tsit. Can bayan katanga Malam Jafaru yana jan Bismilla, ana jin sa da ƙyar, sai mutum ya riƙe numfashi. Mainasara ya matsa ya jingina kansa da ginin. Wannan ne abin da Uwaisu ya yi shekaru yana kasa kunne a kai.

Fuskar kaset ba ta ƙare ba salati ya tashi daga gidan. Kyauta ta ja mayafinta ta fita da sauri. Shi bai motsa ba, har kaset ya kai ƙarshe ya yi ƙwas.

Kafin magariba aka kai Uwaisu. Mainasara ya bi sahu a can baya, bai kama makara ba, bai kuma yi magana da kowa ba.

Washegari da ya dawo daga masallaci ya danna kaset kamar kullum. Ba abin da ya fito daga sifikarsa. Muryar Malam tana can ƙetare, a ɗakin da aka riga aka naɗe katifarsa. Ya miƙa hannu ya ɗora a kan maɓallin, ya daɗe a haka, sannan ya janye hannun ya matsa kusa da katanga.