Ranar da Na Buga wa Malam Iliyasu Garma

Ina tsakiyar tsinkar tumatir Iyatu ta aiko a kira ni, wai mijinta Malam Iliyasu ya tashi daga shimfiɗa, ya ce sai ya fita.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Bunkure. Shekara ashirin yana koyarwa a firamare kafin ciwon maƙogwaro ya kwantar da shi a ranin 1986. Na tarar da shi a zaure, takalmi ɗaya a ƙafa, yana laluben ɗayan.

"Malam, ina za ka a haka?"

Muryar ta koma raɗa, sai da na sunkuya.

"'Yan aji shida. A kan darasin sauti muka tsaya. Wanda aka ba ajin, littafi kawai yake karanta musu."

"Likita ya ce ka huta."

"Magana ya hana ni, ba tafiya ba. Ɗauko garmarka, Uba, da guduma."

Na goya shi a keke zuwa makarantar, ina jin numfashinsa a bayana kamar ana jan zarto. Hedimasta ya dube shi, ya kasa hana shi, ya sako yaran. A bakin kanal na ruwan noman rani Malam ya yi ta kora ni da hannu, gaba, gaba, har suka koma mini ƙanana. In ya ɗaga hula, in daki garma da guduma. Na daka ya fi sau ashirin, raina a ɓace, ina tsoron ya faɗi a rana a ce ni na kai shi.

Da na dawo, wata yarinya, Hajara, tana cewa, "Malam, gudumar tana sauka, sai can mu ji ƙarar."

Ya rubuta a ƙasa da tsinke: Me ya sa?

Gardama ta kaure. Wani ya ce iska ce, wani ya ce ni nake yin dabo.

"Ƙarar tafiya take yi," in ji Hajara. "Sai ta taho daga can. Ido ya riga ta."

Malam ya zauna a kan simintin kanal, ya daɗe yana gyaɗa kai.

Ran Alhamis da hantsi ya cika. Bayan mun dawo daga maƙabarta, yaran suka zo gaisuwa, suka jeru a zaure da kayan makaranta, ba mai motsi. Iyatu ta aiko musu da ruwa a kwano ɗaya. Kowa ya kurɓa, ya miƙa wa na kusa da shi.