Abin da Haladu Ya Faɗa a Oba-oba

A shekarar da gwamnati ta buɗe makarantun firamare na kyauta a ko'ina, aka tura Haladu zuwa Tsamiyar Kawu, wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, da akwati biyu: ɗaya na tufafinsa, ɗaya na oba-oba. Saurayi ne da ya gama difloma a aikin waya da lantarki. Wani tsari ake gwadawa a lokacin, wato a sa na'urar magana a makarantun da suka yi nisa da titi, domin idan gobara ta tashi, ko yaro ya faɗa rijiya, ko ciwo ya kayar da wani, a kira Gumel a turo mota da malamin asibiti. An sa ɗaya a Maigatari, ɗaya a Gagarawa, ta ukun ita ce ta hannunsa. Da safe yana koyar da lissafi, sauran yinin kuwa na na'ura ne.

Ɗakin da aka ba shi yana jikin ofishin hedimasta. Ya kafa sandar eriya a kan rufin kwano, ya ɗora batirin mota a kan bulo, kullum sai ya duba ruwansa kafin ya karya kumallo. Babban abin da yake tsoro shi ne ranar da za a buƙaci na'urar ta ƙi magana, a ce laifinsa ne.

Mutanen gari suna gaishe shi yadda ya kamata, amma ba wanda ya taɓa zama a tabarmarsa. Makiyayan da ke bayan gari suna cewa akwatin nan yana kai wa hukuma labarin shanunsu. Abokin hirarsa ɗaya ne tak, bai kuwa taɓa ganin fuskarsa ba: Ya'u, mai kula da na'urar Gumel, wanda kan kira kowace safiya don gwaji.

"Tsamiya, Tsamiya, Gumel ke kira. Angon akwati, an tashi lafiya? Yaya amarya? Oba."

"Lafiya lau take, Malam Ya'u. Tana jin ka sarai. Oba."

"Ai na ji muryarta garau. Ka rage goge ta dai, kada fenti ya fita a ce mu biya. Oba."

Da an kashe na'ura sai shiru ya dawo ɗakin, ya zauna har washegari.

Ana cikin tsananin zafin bazara, wata ranar Talata da hantsi, wata yarinya 'yar aji biyu mai suna Yelwa ta kifa kanta a benci ta fara amai. Aka kwantar da ita a inuwar ofis. Haladu ya durƙusa ya sa hannu ƙarƙashin kanta don ya ɗaga ta ta sha ruwa, sai ya ji wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, kamar an sa itace a ciki. Yarinyar ta yi ƙara, ta runtse ido don gudun haske. A horon da aka yi wa su Haladu a Gumel an nuna musu wannan alama, an kuma gaya musu cewa mai ita ba ya jiran kwana.

Aka aika rugarsu. Mahaifinta Sajo ya zo tare da yayarsa Adda. Adda ta zauna a ƙasa ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Shi kuwa Sajo, da yake Yelwa ce 'yarsa ta fari, bai matso ba, bai kuma tambayi kowa komai ba. Ya tsaya can gindin darbejiya ya jingina da sandarsa yana kallon fili, kamar wanda ya zo neman ɓatacciyar saniya.

Hedimasta Malam Barau, dattijo ne mai furfura, shi ya kamata ya yi magana da hukuma. Haladu ya kunna na'ura ya miƙa masa abin magana da hannu biyu. Bayan gaisuwa Ya'u ya ce motar guda ɗaya ce, kuma ga ta nan tana shirin tafiya Gagarawa, inda wani magini ya faɗo daga katangar makaranta ya karye a ƙafa.

"Yaya jikin yarinyar, ranka ya daɗe? Oba."

Malam Barau ya dubi ƙofa, inda Adda take zaune tana jin komai. Ya dubi gindin darbejiya.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ɗan zazzaɓi ne na zafin nan. Oba."

Haladu ya san dattijon ba ƙarya yake nufin yi ba. Ba a cewa marar lafiya ya yi nisa a gaban danginsa, kuma wannan cuta musamman ba a kiran sunanta a fili, don kada ta ji ta zauna a gari. Shi kansa da haka aka rene shi. Ya'u ma ya san wannan, shi ya sa ya sake tambaya.

"Allah ya ƙara sauƙi. Amma dole in gaya wa malamin asibiti inda zai fara zuwa. Za ta iya jira zuwa gobe? Oba."

"Komai na hannun Allah. Ku ne manya, yadda kuka gani ya dace. Oba."

"To, mota za ta fara da Gagarawa. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, ta biyo ta wajenku. Oba."

Haladu ya matso. Ya sunkuya kusa da kunnen dattijon.

"Ranka ya daɗe, wuyanta fa."

"Na gani, ina da ido," in ji Malam Barau ƙasa-ƙasa. "Ubanta yana tsaye. So kake in yi mata mugun baki?"

Haladu bai taɓa katse babba ba tun da yake. Ya tsaya yana jin yarinyar tana nishi a waje. Sai ya ga hannunsa ya miƙa ya zare abin maganar daga hannun Malam Barau.

"Gumel, Haladu ne. Sanƙarau ne. Wuyanta ya sandare, tana amai, ba ta iya kallon haske. Idan mota ta kai gobe, gawa za ta tarar. Oba."

Lasifikar na'urar tana da ƙarfi, muryarsa ma ta fita fiye da yadda ya so. Tagogin ajujuwa a buɗe suke. Karatun da yara ke rerawa ya tsaya. Adda ta yi a'uziyya, ta tofar da yawu gefe, ta ja mayafinta ta rufe kunnuwan yarinyar.

Wata murya daban ta shigo, ta mai na'urar Gagarawa. "Gumel, mun ji. Mai ƙafa an ɗaure masa, zai jira. Oba."

"Tsamiya, mota na tafe," in ji Ya'u, ba wasa a muryarsa. "A raba ta da sauran yara. Oba."

Sai a lokacin Sajo ya baro gindin bishiya. Ya zo bakin ƙofa ya kalli Haladu tun daga kai har ƙafa, amma da dattijon ya yi magana.

"Malam, wannan yaron naku ba shi da manya ne a gidansu?"

Malam Barau ya miƙe. Ya gyara hularsa ya fita.

Motar ta iso bayan azahar. Malamin asibiti ya duba wuyan yarinyar, ya yi mata allura nan take, aka sa ta a baya ita da Adda. Ya raba wa yara magani, ya ce a rufe makaranta sai an ga abin da hali ya yi. Kafin la'asar filin ya zama fayau.

Daga ranar aka daina tsayawa a gaisa da Haladu. In ya doso majalisa sai hira ta mutu. Matar da ke aiko masa tuwo ta aiko a ce ba ta jin daɗi. A masallaci mutumin da ke kusa da shi a sahu yakan bar ɗan fili tsakaninsu. Malam Barau ne kaɗai ya leƙo ɗakinsa sau ɗaya, bai ko zauna ba.

"Abin da ka faɗa haka yake," in ji shi. "Amma in yarinyar nan ta rasu, ba cutar za a ce ba, bakinka za a ce. Ni kuma ba ni da abin da zan iya yi maka."

Haladu ya yi kwanaki yana dafa wa kansa shayi, yana cin busasshen burodi, yana jiran kiran safe. Kullum amsar Ya'u ita ce Yelwa tana nan, ana yi mata magani. Ran Asabar ya kasa daurewa.

"Malam Ya'u, don Allah ka gaya mini yadda take, ba yadda ake faɗa ba. Oba."

"Kai ma ka koya mana sabon salo," in ji Ya'u. "To, saurara. Ta buɗe ido jiya, ta sha kunu, ta zagi mai allura da Fulatanci. Malamin asibiti ya ce ta tsallake. Sai dai kunnenta na hagu ya tafi, malamin ba ya zaton zai dawo. Oba."

Haladu ya kashe na'ura. Ya leƙa ofis, ba kowa. Ya sa takalmi ya kama hanyar ruga a ƙafa, rana tana dukan ƙeyarsa.

Ya tarar da Sajo a bakin rijiya yana shayar da shanu. Ya yi sallama, ya rusuna.

"Bappa, an yi magana daga Gumel. Yelwa ta farfaɗo, tana ci tana sha. Sai dai kunnenta ɗaya ba ya ji."

Sajo bai daina jan guga ba. Ya janyo, ya juye a kwami, ya kori wani bijimi da ya ture sauran. Sai da ya sake jefa gugar sannan ya yi magana, idonsa a cikin rijiya.

"Madalla. Ka ce wa mutumin akwatin ya gaishe mini da Adda."

"Zan gaya masa."

"In an sallamo su, gida za ta zauna. Ba za ta koma wajenku ba."

Haladu ya ɗan jira ko akwai sauran magana. Babu. Ya yi sallama ya juya.

Da ya iso makaranta ya tarar iska ta buɗe ƙofar aji biyu, awaki sun shiga sun kwanta a ƙarƙashin bencina. Ya kore su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko tsintsiya ya share wurin, ya jera bencinan, sannan ya ja ƙofar ya ɗaure ta da waya.